GYARAN RAMIN SANDAR TOTUR A KAFIRETA: BAYANI GA MASU MOTOCI DA MAKANIKAI

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kowane mai abin hawa a ƙasar nan ya shiga lissafin abin da injinsa ke sha. Waɗanda lissafin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya kuwa su ne masu tsofaffin motoci masu aiki da kafireta, domin galibinsu da motar suke neman abin da za su ciyar da iyali. Kamfanonin ƙera motoci na Turai da Amurka sun daina sa kafireta a sababbin motoci tun wajen farkon shekarun 1990, amma duk da haka akwai sauran masu amfani da ita a nan gida. Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, an fara harhaɗa motocin kamfaninta a Kaduna a shekarar 1975, ita kanta kuma ba a daina harhaɗa ta ba sai a shekarar 2006. Haka nan Volkswagen Beetle, watau Bitil, an harhaɗa ta a Ikko daga shekarar 1975. Har yanzu ana cin karo da irin waɗannan motoci a hanyoyin kasuwannin ƙauye, sun sha kaya, suna tafiya.

Manufar wannan bayani ita ce a jawo hankalin jama'a ga wata 'yar cuta da ke kama kafireta in ta tsufa, wadda sau da yawa akan wanke kafireta, a sake mata gaskit da jet, a mayar da ita, ba a lura da cutar ba. Cutar ita ce cinyewar ramin da sandar totur ke juyawa a ciki. Mai mota zai yi ta kai kukansa gareji cewa injin ba ya tsayawa a silo, watau ba ya iya aiki a hankali in an ɗauke ƙafa daga totur, makanike kuma ya yi ta murɗa noti, a rabu lafiya, bayan kwana biyu a dawo gidan jiya. Muddin ramin nan ya buɗe, babu irin murɗa notin da zai warkar da injin.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Aikin kafireta shi ne ta gauraya fetur da iska gwargwadon bukatar injin. Domin fetur ya ƙone sarai, ana bukatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa ga nauyi. A can ƙasan maƙogwaron kafireta akwai wani ɗan faifai na ƙarfe, zagayayye, wanda ke buɗe hanya ko ya rufe ta. An ɗaure faifan da ƙananan notuna biyu a jikin wata 'yar sanda da ta ratsa maƙogwaron daga wannan gefe zuwa wancan. Ita ce sandar totur. In direba ya taka totur, waya ta ja hannun da ke ƙarshen sandar, sandar ta juya, faifai ya buɗe. In ya ɗauke ƙafa, sifirin ya mayar da shi.

Kaurin sandar a yawancin kafiretocin ƙananan motoci wajen milimita 8 ne, an yi ta da baƙin ƙarfe ko tagulla. Jikin kafireta kuwa yawanci zubi ne na tutiya ko alminiyam, masu taushi. A kafiretoci da yawa masu ƙira ba su sa komai tsakanin sandar da jikin ba, rami kawai aka huda aka zura ta. To, a duba irin wahalar da ramin nan ke sha. Sandar na juyawa a cikinsa duk lokacin da direba ya motsa ƙafarsa, sau dubbai a tafiya guda. Waya na jan ta gefe ɗaya, sifirin na jan ta. Ba ta samun man shafawa, in ma an ɗiga mata, fetur kan wanke shi. Ga ƙurar hunturu da ta hanyoyin da ba kwalta, wadda ke shiga tsakani tana aikin samfefa. A kwana a tashi, ramin da aka huda zagayayye sai ya koma siffar ƙwai, musamman ta gefen da hannun totur yake, domin nan ne nauyin ja ya fi faɗawa.

Mai karatu zai iya cewa, don ɗan wannan sarari ne ake ta dogon bayani? Bari mu yi lissafi. In sanda mai milimita 8 tana cikin rami mai milimita 8.04, kamar yadda take tana sabuwa, faɗin sararin da ke kewaye da ita bai wuce rabin murabba'in milimita ba. In ramin ya cinye ya kai milimita 8.2, abin da ido ba zai gane ba sai da awo, sararin ya zama murabba'in milimita biyu da rabi, watau ninki biyar ke nan, daidai da a ce an huda wa kafireta ƙofa mai faɗin milimita 1.8. A gefe ɗaya ke nan, ba a zo ɗaya gefen ba. A gwada wannan da jet ɗin silo na kafiretar Solex, wanda lambar da ke jikinsa, alal misali 50 ko 55, ke nufin ramin da fetur ke bi bai wuce milimita 0.50 ko 0.55 ba. Na'urar da aka auna ta da irin wannan tsanani ba za ta jure a buɗe mata wata ƙofa ta bayan gida ba.

Abin da ya sa cutar ta fi bayyana a silo shi ne, a lokacin faifai kusan a rufe yake, fistin suna zuƙa da ƙarfi, iskar da aka yardar wa wucewa kuwa kaɗan ce. Duk wata kafa da ke kusa, injin zai zuƙi iska ta nan, iskar da ba ta bi ta inda ake auna mata fetur ba, ba ta kuma bi ta matatar iska ba. Sai cakudar ta tsinke, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. In an taka totur sosai kuwa, iskar da ke shiga ta hanyar gaskiya tana da yawa ƙwarai, har ta ɓarauniyar hanya ba ta zama komai ba. Shi ya sa mota kan yi gudu lafiya lau a babbar hanya, amma da an iso shatale-tale ko shingen bincike sai ta mutu.

Akwai kuma illa ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko ban haushi. Tunda sandar na girgiɗi, faifan ba ya komawa wuri ɗaya kullum. Yanzu ya zauna nan, injin ya yi ƙasa kamar zai mutu, an jima ya zauna can, injin ya ɗauki kuka. Makanike kan rasa yadda zai yi, sai ya buɗe notin mai, ya ƙara silo, don dai motar ta daina mutuwa. Motar kam ta daina mutuwa, amma daga ranar mai ita ya shiga biyan kuɗin fetur na banza a kowace tsayawa, fulogi kuma su riƙa yin baƙi. In an bar abin ya daɗe, bakin faifan zai fara cin bangon maƙogwaron, ya yi masa gurbi, daga nan kuwa gyara ya yi wuya.

A TABBATAR KAFIN A TAƁA

Kada a yi gaggawar ɗora wa sandar laifi. Alamun da aka ambata, wasu cututtuka ma suna kawo su: gaskit ɗin da ke tsakanin kafireta da manifol ya huje, ko gindin kafireta ya lanƙwashe saboda an cika ɗaure shi, ko wani tiyo na zuƙa ya tsage, musamman wanda ke zuwa tukunyar burki, ko tayimin ya goce, ko bawul suna bukatar a daidaita su. A bi waɗannan tukuna, domin sun fi sauƙi, sun kuma fi araha.

Gwajin farko da hannu ake yi, injin a kashe. A cire wayar totur da sifirin, a ɗan buɗe faifan kamar rabi, sa'an nan a kama hannun sandar a girgiza sama da ƙasa, gaba da baya. Buɗe faifan wajibi ne, domin in yana rufe, shi da kansa zai tokare sandar, mutum ya zaci lafiya take. Kowace sanda tana da ɗan motsi kaɗan da yatsa ke ji, wannan ba laifi ba ne. Amma in ido ya ga motsin, ko kunne ya ji tana ƙwanƙwasawa, to ta cinye. A kuma duba ƙarshen sandar daga waje: in akwai jiƙewar fetur ko baƙin dauɗa da ya taru a wurin, shaida ce.

Gwaji na biyu, a ta da injin ya yi zafi, a bar shi a silo, sa'an nan a lakaci giris mai kauri a shafe ƙarshen sandar ta gefen biyu. Giris zai toshe kafar na ɗan lokaci. In kukan injin ya sake nan take, an kama ɓarawo. Wasu kan fesa fetur ko maganin wanke kafireta a wurin su saurari canjin kuka. Hanyar tana aiki, amma ba mu goyi bayanta ba, domin tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa ya tayar da gobara a fuskar mai gwajin. Giris ba ya kama wuta haka.

In an tabbatar, sai a tsaya a yi shawara ko gyaran ya cancanta. Ƙananan injinan janareta da na ban ruwa su ma suna da irin wannan faifai da sanda, suna kuma cinyewa har injin ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, amma kafiretarsu ba ta da tsada, sauya ta ya fi. Yawancin ƙananan babura kuwa ba su da sandar ma sam, wani ɗan tulu ne ke hawa da sauka a madadin faifai, saboda haka wannan bayani bai shafe su ba. Inda gyara ke da riba shi ne kafiretar mota ta asali, irin su Solex da Zenith da Weber, waɗanda samun sabuwarsu ta ainihi ya yi wuya. Kwaikwayonsu na nan a kasuwa, amma ra'ayina shi ne ta asali da aka gyara da kyau ta fi abin dogara, domin jet ɗinta da hanyoyinta an auna su ne daidai da injin motar.

KWANCE SANDAR

Gyaran shi ne a faɗaɗa ramin da ya cinye, a dasa masa wani ɗan bututu na tagulla wanda makanikai ke kira bushin, sandar ta koma juyawa a cikinsa. Wasu kafiretoci sun zo da bushin ɗinsu tun daga masana'anta, na roba mai santsi ko na tagulla, waɗannan sai a zare tsohon a sa sabo kawai. Weber samfurin DCOE ma boris ne da ita a kan sandar. Maganarmu a nan ta waɗanda ba su da komai ce.

A cire kan batir, a sauke kafireta, a toshe bakin manifol da tsumma mai tsabta don kada wani abu ya faɗa. A zubar da fetur ɗin da ke cikinta nesa da wuta, a kwance ta, a wanke da kananzir. Kafin a taɓa faifan, a ɗauki ƙusa a yi masa 'yar alama da za ta nuna fuskar da ke sama da gefen da ke kallon hannun totur. Dalili kuwa, bakin faifan a karkace aka yanke shi domin ya kwanta daidai da bango, in an juya shi ba zai taɓa rufewa ba. Wanda ke da wayar hannu mai ɗaukar hoto, ya ɗauki hoton yadda hannaye da sifirin da wasa-wasan ƙarfe suke a jere.

Notunan nan biyu su ne tarkon farko. A masana'anta, bayan an ɗaure su, akan daddaƙe ƙarshensu ya baje, domin kada su kwance su faɗa cikin injin. Wanda ya sa sukudireba ya murɗa da ƙarfi ba tare da ya lura ba, ko dai notin ya karye a ciki, ko ya tsige zaren sandar. A buɗe faifan, a sa ƙaramin magagari a goge bajajjen ƙarshen har ya yi daidai da jikin sandar, sa'an nan a kwance da sukudireban da ya cika bakin notin sosai. A tallafi sandar daga ƙasa da ɗan katako yayin da ake dannawa, domin siririya ce, an kuma rage mata ƙarfi a inda faifan ke zama, lanƙwasa ta ba wuya. Bayan an zare faifan, a shafa sandar da yatsa, duk inda aka ji kaifi a bakin ramukan noti a goge shi kafin a zaro ta, in ba haka ba za ta karce ramin tana fita.

Yanzu sai awo. A auna kaurin sandar da maikuromita a inda take juyawa cikin rami, a kuma auna inda ba ta gogar komai. In bambancin ya kai wajen milimita 0.05, ko farce na jin tudu a wurin, sandar ma ta cinye, sai a nemi wata. Sabon bushin a kan cinyayyar sanda ɓarnar kuɗi ce, domin tilas ramin bushin ya isa lafiyayyen ɓangaren sandar ya wuce, in cinyayyen ɓangaren ya iso kuwa sai ya tarar da sarari. A kuma mirgina ta a kan gilashi a ga ko ta miƙe. Akan dace da lafiyayyar sanda a jikin wata matacciyar kafireta a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Ikko, ko Nkwo a Nnewi. A tafi da tsohuwar da abin awo, kada a saya da ido.

FAƊAƊA RAMIN

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma ake kashe kafireta. Ramukan nan biyu, na dama da na hagu, a kan layi ɗaya suke tamkar an zare su da zare, layin kuma ya ratsa tsakiyar maƙogwaro daidai. In sabon rami ya goce ko da kaurin gashi biyu ne, ɗayan biyu zai faru: ko sandar ta cije, ko faifan ya ƙi rufewa. Tsinin injin huji na hannu ba ya iya wannan aiki. Shi bin rami yake yi duk inda ya nufa, tunda kuma ramin ya riga ya koma siffar ƙwai, sai ya bi cinyayyen gefen, ya tabbatar da karkatar har abada. Duk wanda ya ga makanike ya ɗauko injin huji ya nufi kafiretarsa da shi a hannu, ya karɓi abarsa.

Abin da ake amfani da shi sunansa rima, wani ƙarfe ne mai kaifi a tsawonsa, wanda ke shafto ƙarfe kaɗan-kaɗan. Irin wadda ake bukata a nan tana da dogon hanci mai santsi, mai kauri daidai da sandar totur. Hancin ne ke ratsa ramin farko ya shiga na biyu, ya riƙe rimar a kan layi yayin da haƙoranta ke cin na farko. Da hannu ake juya ta, a hankali, ana ɗiga kananzir ko ɗan mai. Kullum ta fuskar da take yanka ake juya ta, har lokacin zaro ta, domin juya ta baya na dakushe haƙoran, yana kuma karce ramin. A fara da gefen da ya fi cinyewa, domin gefen da ya fi lafiya ya zama jagora. In an gama, a dasa bushin a nan, sa'an nan a juya, sabon bushin ya zama jagoran gefe na biyu. Kada a faɗaɗa duka biyu a lokaci guda, domin in an yi haka babu sauran abin da zai nuna inda layin asali yake.

Kada kuma a bar rimar ta ɓulla cikin maƙogwaro. A tsaya saura milimita ɗaya ko biyu, a bar tsohon bango a wurin. Wannan ɗan bango shi ne zai tokare bushin kada ya zarce ciki, shi ne kuma zai bar bangon maƙogwaro yadda yake domin bakin faifai ya sami inda zai kwanta. A auna zurfin tun da fari, a naɗa ɗan salatif a jikin rimar ya zama iyaka. Haka nan a duba da kyau ko akwai wata siririyar hanyar mai ko ta zuƙa da ta bi kusa da ramin, domin wasu kafiretoci suna da su a nan, in rima ta fasa ɗaya, aiki ya lalace.

Bushin ɗin kansa, in ba a sami na sayarwa ba, masu injin sassaƙar ƙarfe za su fitar da shi daga guntun tagulla cikin ɗan lokaci. Kaurinsa na waje ya ɗara sabon ramin da kimanin milimita 0.02 zuwa 0.03, domin ya shiga da matsi. In ya fi haka, zai tsaga jikin kafireta, tutiya kuwa in ta tsage ba ta ɗinkuwa. A tura shi da matsewar teburi, a sa katako gefe da gefe, a zura tsohuwar sandar a ciki ta riƙe shi a miƙe. Ban da guduma. Ban da kuma gasa jikin kafireta da wutar walda wai don ramin ya buɗe, domin zubin tutiya na narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba, yakan kuma zube ne farat ɗaya ba tare da ya yi ja ya yi gargaɗi ba.

In bushin ya shiga, cikinsa kan ɗan tsuke saboda matsi. Sai a ratsa su duka biyu da rima mai kauri daidai da sandar, a wuce sau ɗaya. Abin da ake nema shi ne rata ta kimanin milimita 0.03 zuwa 0.05. Ga yadda za a gane ba tare da abin awo ba: in an zura sandar, nauyin hannunta kaɗai ya isa ya juya ta, amma in an girgiza ba a ji motsi ba. Wanda ya bar ta da tauri yana cewa za ta saki da kanta, yana wasa da rai ne. Ƙarfe na kumbura in ya yi zafi, sandar da ke da tauri da safe tana iya cijewa da rana, totur ya maƙale a buɗe mota na cikin gudu. In hakan ta taɓa faruwa ga direba, ya taka kuloci ko ya fitar da giya, ya taka burki, ya kashe injin, amma kada ya murɗa makulli har inda zai kulle sitiyari.

Gaskiyar magana, ba kowane gida ne ke da rima mai hanci ba, kuma sayen ta don kafireta ɗaya ba lalle ya zama riba ba. Mai gyara a gida yana iya yin kwancewa da wanki da awo da mayarwa da kansa, ya kai wannan mataki ɗaya ga mai injin sassaƙa. Sai dai ya tambaye shi tun kafin ya miƙa kayan: da me za ka riƙe layin ramukan biyu? In amsar ba ta gamsar ba, ya gaba. Dabarun da ake yi a bakin hanya kuwa, irin su naɗa zare ko leda a sandar, ko cusa yankin gwangwanin madara, ko liƙe wurin da gam, duk ba sa kai mako, kuma guntunsu na iya maƙale sandar. Ƙara sifirin mai ƙarfi don faifan ya riƙa rufewa, wannan ma ƙara wa ramin ci ne kawai.

MAYARWA DA DAIDAITAWA

A wanke jikin kafireta sarai, a busa kowace hanya da iska, domin ɗan garin tagulla ɗaya ya isa ya toshe jet ɗin silo. Kada a tsokaci jet da waya. A ɗiga mai a sandar, a zura ta, a mayar da faifan bisa ga alamar da aka yi. A sa sababbin notuna in da hali, amma kada a ɗaure su tukuna. A janye notin da ke tokare hannun totur har ya daina taɓa shi, sa'an nan a rufe faifan a buɗe, a rufe a buɗe, ana ɗan ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba, har ya nemi tsakiya da kansa. A ɗaga kafireta a kalli haske ta cikinta. In hasken da ke kewaye da faifan siriri ne kuma daidai yake ta ko'ina, a riƙe shi a rufe a ɗaure notunan. In haske ya fi yawa ta gefe ɗaya, a sassauta a sake.

Sa'an nan a kulle notunan, ko dai a daddaƙe ƙarshensu kamar yadda aka same su, tare da tallafar sandar da ƙarfe daga ƙasa, ko a ɗiga musu ruwan kulle noti irin su Loctite. Wannan mataki ba na tsallakewa ba ne. Notin da ya kwance ba shi da wurin zuwa sai cikin injin, inda zai ratsa bawul ya faɗa kan fistin, gyaran 'yan kuɗi kaɗan ya koma sauke injin gaba ɗaya.

A kafireta mai maƙogwaro biyu, irin wadda ke kan wasu Fijo 504, galibi sandar farko ce ke cinyewa, domin ta biyu ba ta buɗewa sai an taka totur sosai. In ta biyu lafiya take, a ƙyale ta, kada a taɓa notin da ke tokare ta.

Bayan an ɗora kafireta da sabon gaskit, a ɗaure notunan gindinta bi da bi, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba. A tuna a cire tsumman da ke bakin manifol. Kafin a ta da injin, mutum ɗaya ya taka totur har ƙasa ya saki sau da yawa, wani yana kallo, a tabbata faifan na buɗewa duka, yana kuma komawa da kansa kowane lokaci. A duba inda sifirin ya kama: mafi kyau shi ne ya ja hannun ta fuskar da ke gaba da jan waya, a kusa da inda wayar ta kama, domin ƙarfin biyu su kashe juna maimakon su taru a kan bushin.

Kada a yi mamaki in injin ya tashi da baƙin hayaƙi ko ya ƙi tsayawa a silo. Tsohon saiti an yi shi ne domin a rufe ɓarnar iskar da ke satar shiga, yanzu kuwa an toshe ta, saboda haka mai ya yi yawa. A bar injin ya yi zafi, a fili ba cikin rufaffen ɗaki ba, domin hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba marar wari mai kisa. Sa'an nan a riƙa shigar da notin mai kaɗan-kaɗan har injin ya fara rawa, a dawo da shi baya har kukan ya daidaita, a gyara silo, a sake maimaitawa. Tsinin notin mai laushi gare shi, in an kai shi ƙarshe kada a matse. Masu Bitil mai kafireta Solex 34 PICT-3 su lura cewa tasu dabam take: a silo faifanta a rufe yake, iska na bi ta wata hanya ta gefe, kuma babban notin da ke jikinta ta hagu ne ke ƙara silo ko ya rage, ƙaramin da ke kusa da shi kuma na mai ne. Ana neman juyi 800 zuwa 900 a minti ɗaya. Yin sakaci da yawan iska a wannan mota ya fi haɗari, domin cakuda mai ƙarancin mai na ƙara wa injin zafi, ita kuwa ba ta da lagireto, iska ce kaɗai ke sanyaya ta.

Daga nan, duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai, a ɗiga ɗigo ɗaya a kowane ƙarshen sandar, a goge ƙurar da ta taru a wurin, a kuma duba matatar iska, musamman daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu sa'ad da hunturu ke busawa. Bayan mako guda da gyara, a cire fulogi a dubi bakinsu. In launinsu ya koma ruwan ƙasa mai haske, cakudar ta daidaita; in har yanzu baƙi ne mai kama da kunkunniya, a ƙara shigar da notin mai kaɗan.